Kwamfutar Dala Ɗari da Malamin da Ba a Sa a Lissafi Ba

A watan Nuwamba na 2005, a wajen taron ƙoli kan fasahar sadarwa da Majalisar Ɗinkin Duniya ta shirya a birnin Tunis, Kofi Annan ya tsaya gaban 'yan jarida da wata 'yar ƙaramar kwamfuta koriya a gabansa. A gefensa akwai Nicholas Negroponte, shehin malami daga jami'ar MIT ta Amurka, wanda tun a farkon shekarar ya yi shela a Davos cewa zai ƙera wa 'ya'yan matalautan ƙasashe kwamfutar tafi-da-gidanka wadda kuɗinta ba zai wuce dala 100 ba. An yi wa na'urar wani mariƙi a gefe, wanda yaro zai riƙa juyawa kamar injin murza taliya don ya samar mata da wuta a ƙauyen da babu lantarki. Da Annan ya kama mariƙin zai juya, sai ya ɓalle a hannunsa.

Abin ya zama abin raha a jaridu, kuma ba a daɗe ba aka cire mariƙin daga tsarin na'urar gaba ɗaya. Sai dai akwai giɓin da ya fi wannan girma, wanda ba a yi masa dariya ba saboda ba a gan shi a ranar ba. Dala ɗarin nan kuɗin ƙarfe da roba da batir ne kawai. Babu kuɗin wuta a ciki, babu na intanet, babu na gyara, babu kuma ko sisin kwabo na koya wa malamin da za a jibge wa na'urori arba'in a ajinsa abin da zai yi da su. Wannan na ƙarshen da gangan aka bar shi. Ƙungiyar da Negroponte ya kafa, OLPC, mai manufar kowane yaro ya mallaki kwamfutarsa, ta ginu ne a kan imanin cewa malaman karkara a ƙasashe masu tasowa sun yi kaɗan, iliminsu bai taka kara ya karya ba, da yawansu ma ba sa zuwa aiki, saboda haka jiran a horar da su ɓata wa yara lokaci ne. A ba yaro na'ura, zai koya wa kansa, har ya koya wa malamin.

Tunanin yana da asali mai daraja. Seymour Papert, masanin lissafi haifaffen Afirka ta Kudu, ya yi aiki da Jean Piaget a Geneva kafin ya koma Amurka, inda a 1967 shi da wasu abokan aikinsa suka ƙirƙiro Logo, harshen ba kwamfuta umarni da aka tsara domin yara. Yaro zai umarci wani ɗan kunkuru ya yi gaba taku kaza, ya juya kusurwa kaza, har ya zana murabba'i ko da'ira. In zanen ya karkace, sai ya koma ya nemo inda umarninsa ya kauce. A ganin Papert a nan ilimin yake, wato yaro ya gina abu da kansa ya kuma gyara, maimakon ya haddace abin da aka rubuta masa a allo. A 1982 shi da Negroponte suka kai kwamfutocin Apple II birnin Dakar, a ƙarƙashin wata cibiya da gwamnatin François Mitterrand ta kafa a Paris. Yaran Senegal suka kama abin nan da nan. Cibiyar kuwa ta faɗa rikicin shugabanci da na siyasa, baƙin suka tattara nasu ya nasu suka koma gida. Abin da ya zauna wa Negroponte a rai daga wannan tafiya shi ne saurin fahimtar yaran. Tambayar wa zai ci gaba da aikin bayan tafiyar baƙi ba ta dame shi kamar haka ba.

Shi Papert ya ga wata hanyar da idonsa. A 1988 gwamnatin Óscar Arias ta Costa Rica ta fara saka kwamfutoci a makarantun firamare ta hannun Gidauniyar Omar Dengo, aka kuma yanke shawarar cewa malaman firamare na yau da kullum ne za su riƙe ɗakunan kwamfutar, ba ƙwararrun injiniyoyi ba. Aka ɗauki rukunin farko aka kai su MIT suka yi makonni a hannun Papert, suka dawo suka horar da 'yan'uwansu, aka kuma ci gaba da bibiyarsu shekara bayan shekara. Shirin ya shafe fiye da shekara 30 yana aiki. Amma a watan Disamba na 2006, ana gab da fara raba kwamfutocin OLPC, babur ya kaɗe Papert a Hanoi, ya samu mummunan rauni a ƙwaƙwalwa, bai sake komawa bakin aiki yadda ya saba ba har ya rasu a 2016.

Burin a samu na'urar da za ta rage dogaro da malami ya girmi kwamfuta, kuma Afirka ta Yamma ta taɓa zama fagen gwajinsa. A 1964, da tallafin Faransa, Nijar ta fara koyar da 'yan firamare ta talabijin. Ƙwararru suna shirya darasi a ɗakin watsa shirye-shirye da ke Yamai, a cikin aji kuma a sa mai kula wanda shi kansa karatunsa bai yi nisa ba, bayan ɗan gajeren horo. Masana daga ƙasashen waje sun yaba da gwajin ƙwarai, amma bai taɓa kaiwa ga yawancin yaran ƙasar ba. Kwaddebuwa ta yi nata daga 1971, mai faɗi sosai, ana watsawa daga Bouaké, ta kuma rufe shi a farkon shekarun 1980 bayan malamai da iyaye sun juya masa baya.

Faransa ita kanta ta gwada hanyoyin biyu a gida, kuma kwatanta su yana da amfani. A farkon shekarun 1970, kafin a kai ko da na'ura ɗaya makarantun sakandare 58 da aka zaɓa, sai da aka fara da malamai. Aka cire wasu ɗaruruwa daga aji, kowanne na tsawon shekarar karatu guda cur, kuma ba malaman lissafi kaɗai ba, har da na adabi da tarihi da harsuna. Su ne suka rubuta manhajojin da aka yi amfani da su, su ne kuma suka kafa ƙungiyar EPI a 1971, wadda ta rayu shekaru da yawa bayan na'urorin sun zama tarkace. A 1985 Firayim Minista Laurent Fabius ya zo da nasa shirin na kwamfuta ga kowa. Cikin watanni aka raba na'urori kimanin 120,000, akasarinsu ƙirar kamfanin Thomson na ƙasar, aka ba malamai fiye da 100,000 horon kusan mako guda a lokacin hutu. Daga cikin kusan faran biliyan biyu da aka kashe, kaso mafi tsoka a kan na'urori ya tafi. Kafin ƙarshen shekarun 1980 Thomson ya daina ƙera su, da yawansu suka ƙare a cikin kabad.

A daidai wannan lokaci ne Najeriya ta shiga sahu. A ƙarshen 1987 ministan ilimi, Farfesa Jibril Aminu, ya kafa kwamiti kan ilimin kwamfuta, a 1988 aka fitar da manufar ƙasa, aka tsara farawa da kwalejojin gwamnatin tarayya. Zamanin tsuke bakin aljihu ne na SAP, Naira tana faɗuwa, wutar NEPA sai an gani. Abin da ya fi dawwama daga wannan manufa wani ruɗani ne da har yau ba a warware shi ba, tsakanin koyar da kwamfuta da koyarwa da kwamfuta. Na farko darasi ne guda a jadawali, yana da malaminsa da ɗakinsa da jarrabawarsa. Na biyu yana nufin malamin lissafi da na Hausa da na labarin ƙasa kowanne ya ɗauki na'urar a matsayin kayan aiki, kamar alli da taswira. Najeriya, kamar maƙwabtanta, ta ɗauki na farko saboda ya fi arha kuma ya fi sauƙin ƙirgawa. Inda aka samu na'urori aka kulle su a ɗaki ɗaya, mabuɗi a hannun mutum ɗaya. Inda ba a samu ba, aka koyar da sassan kwamfuta a kan allo, yara suna haddace ma'anarta ba su taɓa danna ta ba. A 2018 hoton wani malami a Sekyedumase ta ƙasar Ghana ya zagaya duniya, ya zana fuskar Microsoft Word gaba ɗayanta da alli mai launi don ɗalibansa su ga abin da za a tambaye su a jarrabawa. Duniya ta yi mamaki. Wanda ya yi makarantar gwamnati a wannan yanki bai ga abin mamaki ba sai kyawun zanen.

Cikin wannan hali OLPC ta tarar da ƙasar. Shugaba Olusegun Obasanjo yana cikin shugabannin farko da suka rungumi shirin, aka yi ta maganar Najeriya za ta sayi na'ura miliyan ɗaya, adadin da ƙungiyar ta so kowace ƙasa ta fara da shi don farashin ya sauko. A watan Maris na 2007 aka raba samfurin gwaji kimanin 300 a makarantar firamare ta Galadima, a gefen Abuja. Aka kawo janareta, aka kafa faifan tauraron ɗan'adam domin intanet. 'Yan jaridar da suka ziyarci makarantar sun ga abubuwan da suka burge su: yara suna ɗaukar hoto, suna haɗa kiɗa, suna zuwa makaranta da ɗoki, wasu ma sun koyi kwance na'urar su gyara ta a wani ɗan wuri da aka laƙaba wa asibitin kwamfuta. A wannan fannin Negroponte bai yi ƙarya ba. Yaro ba ya tsoron na'ura.

Malaman ne suka shiga tsaka mai wuya. Mutumin da aka horar a kan tsayawa gaban allo, wanda sufeto zai zo ya duba littafin shirin darasinsa, wanda kuma za a auna shi da sakamakon jarrabawar shiga sakandare, sai ya wayi gari kowane yaro a ajinsa yana da taga zuwa duniyar da shi bai taɓa leƙawa ba. Manhajar karatu ba ta canza ba, jarrabawa ba ta canza ba, tsawon lokacin darasi bai canza ba. A watan Yuli na wannan shekarar, Kamfanin Dillancin Labarai na Najeriya ya ruwaito cewa an ga hotunan batsa a cikin wasu daga cikin na'urorin, labarin ya bazu a duniya, OLPC ta ce za ta saka matatar da za ta toshe irin waɗannan shafuka. Aka ɗauki abin a matsayin matsalar fasaha, aka nema masa maganin fasaha. Amma duk uban da ya ji labarin, tambayarsa ita ce ina malamin yake. Amsar ita ce yana cikin ajin, sai dai an tsara shirin ne ba tare da an ba shi muhimmin matsayi a ciki ba.

Daga nan abubuwa suka taɓarɓare da sauri. Obasanjo ya sauka a watan Mayu, cinikin miliyan ɗaya ya bi ruwa. Ministan ilimi na sabuwar gwamnati, Igwe Aja-Nwachuku, ya tambaya a fili mene ne amfanin kwamfuta ga yaron da ba shi da kujerar zama. Farashin na'urar ya tashi zuwa dala 188. Sannan a ƙarshen 2007 wani kamfani mai suna LANCOR ya kai OLPC ƙara a Babbar Kotun Tarayya da ke Legas, yana zarginta da kwaikwayon tsarin madannansa na Konyin, wanda aka ƙera don rubuta harsunan Najeriya, har da haruffa masu ƙugiya irin su ɓ da ɗ da ƙ. Kamfanin ya nemi diyyar dala miliyan 20, OLPC ta musanta zargin, kotu ta dakatar da raba na'urar. Abin takaici ne a ce ɗaya daga cikin kwamfutocin farko da aka yi tunanin yaro Bahaushe zai rubuta sunan Ɗanladi daidai a kanta, a kan wannan batun aka tsayar da ita.

A wancan gefen Abuja, a ƙaramar sakandaren gwamnati ta Jabi, kamfanin Intel yana gwada tasa 'yar kwamfutar mai suna Classmate. Kasuwa Intel yake karewa, babu mai musun wannan, kuma zamansa a cikin OLPC bai wuce watanni shida ba kafin su rabu baram-baram a Janairun 2008. Amma a kan batun malami ya fi abokin hamayyarsa lura. Tun a 2000 ya fara shirin Intel Teach, wanda zuwa 2011 ya ce ya horar da malamai miliyan 10 a ƙasashe kusan 70. Hanyar ita ce a horar da 'yan kaɗan sosai, su koma su horar da wasu, waɗannan ma su horar da wasu. Tsarin yana da arha kuma yana samar da manyan alƙaluma. Matsalarsa irin ta shayin da ake ta ƙara wa ruwa ce, kafin ya kai ga na ƙarshen layi sai launi. Birtaniya ma, da duk arzikinta, ta kashe fam miliyan 230 na kuɗin cacar ƙasa daga 1999 don horar da malamanta a kan amfani da kwamfuta a aji, hukumar duba makarantu ta Ofsted ta dawo ta ce a yawancin wurare kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ya san yadda taron bita yake gudana. A tara malamai kwana uku a ɗakin taro, a koya musu buɗe fayil da adana shi, a ba su alawus da satifiket, a ɗauki hoto. Ranar Litinin malama ta koma ajin yara saba'in, tana son koyar da raba lamba, babu wanda ya nuna mata ta inda na'urar za ta shiga wannan darasin. Ranar da ta gwada, batir ya mutu ko intanet ta yanke, minti goma sha biyar suka tafi, aji ya kaure da surutu. Ba za ta sake gwadawa ba, kuma tana da gaskiya. Larry Cuban, masanin tarihin ilimi a jami'ar Stanford wanda shi kansa ya daɗe yana koyarwa a sakandare, ya bi diddigin wannan tun daga zamanin majigi da rediyo a littafinsa na 1986. Abin da ya gano shi ne malamai suna karɓar duk kayan aikin da ya sauƙaƙa musu wahalar da suke ciki, suna kuma ajiye wanda ya ƙara musu wata, sannan a dawo a zarge su da ƙin ci gaba.

Manyan masu sayen na'urar OLPC daga ƙarshe ba a Afirka suka fito ba, a Kudancin Amurka ne. Peru ta sayi fiye da 800,000, ta kuma fara da makarantun da suka fi kowa talauci, na ƙauyukan kan duwatsu inda malami ɗaya yake haɗa aji biyu ko uku. An tsara wa malaman horon awa 40. Kusan duk makarantun ba su da intanet. A wurare da dama ba a bar yara su tafi da na'urar gida ba, saboda tsoron wa zai biya in ta lalace. A 2012 masu bincike na Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka suka fitar da sakamakon nazarin da suka yi a makarantu 319, inda aka zaɓi waɗanda za su samu na'urar ta hanyar ƙuri'a don a iya kwatantawa da gaskiya. Bayan watanni 15, yaran sun iya sarrafa kwamfuta, sun ɗan fi takwarorinsu a gwajin kaifin tunani, amma a lissafi da karatu babu bambanci. A wannan shekarar Negroponte ya kai tunaninsa ƙarshen iyakarsa: aka ajiye kwalayen kwamfutocin hannu a wasu ƙauyuka biyu na Habasha da ba su da makaranta, don a ga ko yara za su koyi karatu babu malami ko ɗaya.

Uruguay ta sayi irin wannan na'urar, amma labarinta ya bi wata hanya. Ƙasa ce ƙarama, mutanenta ba su kai miliyan uku da rabi ba, kuma kusan duk malaman firamarenta masu takardar shaidar koyarwa ne. Shugaba Tabaré Vázquez, likitan ciwon daji, ya ƙaddamar da shirin Ceibal a 2007, aka fara a wani ɗan gari mai suna Villa Cardal. Zuwa Oktoban 2009 kowane ɗan firamaren gwamnati ya karɓi tasa, kuma malamai kimanin 18,000 su ma kowanne ya karɓi tasa. Aka kai intanet makarantu, aka kafa tsarin gyara. Duk da haka, da masana tattalin arziki na babbar jami'ar ƙasar suka auna shekarun farko, sakamakonsu bai bambanta da na Peru ba: babu ƙari a lissafi, babu a karatu. Horon farko da aka ba malamai gajere ne, kuma yawanci abin da ake yi da na'urar a aji bai wuce neman bayani a intanet ba.

Inda suka rabu da sauran shi ne abin da suka yi da wannan labari mara daɗi. Ba su rufe shirin ba, ba su kuma sayo sabuwar na'ura don a manta da tsohuwa ba. Suka gayyato Michael Fullan, masanin gyaran makarantu daga Kanada, wanda rahotonsa na 2013 ya ce lokaci ya yi da za a karkata daga rabon kaya zuwa aikin koyarwa. Aka ƙarfafa tsarin malaman tallafi, wato gogaggun malamai da ake turawa makarantu su zauna da malamin aji, su shirya darasi tare, su shiga ajin tare, mako bayan mako. Aka samar da dandalin CREA inda malami yake ba da aiki ya kuma karɓa, da wata manhajar lissafi mai ba kowane yaro tambaya daidai ƙarfinsa, malami kuma yana ganin inda kowa ya maƙale.

Mafi ban sha'awa shi ne yadda suka yi da Turanci. Ƙasar tana son a koyar da shi a firamare, amma ba ta da isassun malamansa. Da a ce tunanin OLPC aka bi, sai a loda darussa a na'ura a bar yara da ita. Abin da aka fara a 2012 tare da British Council daban ne. Darasi uku ake yi a mako. Na farko wani malamin Turanci ne yake gabatar da shi kai tsaye ta bidiyo, daga Montevideo ko Ajantina ko ma Filifins. Sauran biyun malamar ajin ce take jagoranta, ko da ba ta iya harshen ba, bisa shirin darasin da su biyun suke tattaunawa kowane mako, ita ma kuma ana ba ta damar koyon Turancin. Intanet ta kawo abin da babu, amma ta hannun wadda ta san sunan kowane yaro da halinsa. Da annobar korona ta rufe makarantu a watan Maris na 2020, ba ranar tafiya Uruguay ta fafe gorarta ba. Malamanta sun riga sun san dandalin, mafi yawan ɗalibai suka ci gaba da hulɗa da su daga gida. Ba banza ba UNESCO ta zaɓi Montevideo don ƙaddamar da rahotonta na 2023 kan fasaha a harkar ilimi, rahoton da ya nuna cewa rabin ƙasashen duniya ne kawai suke da ma'aunin ƙwarewar da ake so malami ya samu a wannan fanni.

Ba daidai ba ne a ɗora Uruguay a kan sikeli ɗaya da Najeriya, inda jiha guda ta fi ta yawan ɗalibai nesa ba kusa ba. Amma a nan ma an samu masu juya lissafin. Bayan Osun ta raba wa ɗaliban sakandare kwamfutar hannu ta Opon Imo a 2013, Edo ta zo a 2018 da shirin EdoBEST, wanda ya ba malami na'urar maimakon yaro. Darasin kowace rana yana sauka a cikinta a rubuce dalla-dalla, tana kuma nuna lokacin da malami ya iso da inda ya tsaya, ga jami'ai masu zagayawa suna duba aji suna ba da shawara. Legas da Kwara sun bi sahu. Masu goyon baya suna cewa wannan ne karo na farko da malamin ƙauye ya samu wanda yake bibiyar aikinsa. Ƙungiyoyin malamai na duniya da suka daɗe suna adawa da kamfanin Bridge, wanda daga gare shi tsarin ya samo asali, suna cewa an mai da malami mai karanta rubutun wani. Duk ɓangarorin biyu suna da abin kamawa, kuma tambayar da ke tsakaninsu ita ce ta 1964 a Yamai, wato ko ana gina malamin ne ko ana rage abin da ake buƙata daga gare shi.

Abin da ya tilasta wa makarantun Najeriya kula da kwamfuta daga ƙarshe bai fito daga wata manufar koyarwa ba. Daga ɗakin jarrabawa ya fito. JAMB ta fara gwada jarrabawa ta kwamfuta a 2013, a 2015 ta daina amfani da takarda gaba ɗaya, WAEC ma ta fara nata da masu zana jarrabawa daga waje a 2024. Nan da nan cibiyoyin koyon danna amsa suka cika garuruwa, iyaye suna biya daga aljihunsu don yaro ya saba da na'urar makonni kaɗan kafin ranar. Waɗanda ba su da halin biya, musamman 'yan makarantun karkara, da yawansu a zauren jarrabawar suke fara zama gaban kwamfuta. Matsalar ta kai ga a 2017, kusan shekara 30 bayan manufar 1988, JAMB ta sake tsara jarrabawar yadda ɗalibin da bai iya riƙe linzamin kwamfuta ba zai iya kammala ta da madannai takwas kacal: huɗu na zaɓen amsa, ɗaya na gaba, ɗaya na baya, ɗaya na miƙa aiki, ɗaya na fasa miƙawa.